Lallen Mastura

Raliya na durƙushe a bakin famfon tsakar gida tana wanke zanin da 'yarta Mastura ta yi amai a kai, sai ta ji sallamar namiji a ƙofa. Ɗan Azumi ne, mai sayar da burodi kusa da teburin shayin mijinta a Ogba, cikin Legas. Bai taɓa zuwa gidan da hantsi ba. Bai shigo ba, bai kuma ce ta fito ba. Cewa ya yi a kira masa Gwaggo Baiwa, tsohuwar da ke ɗakin farko. Tun daga nan Raliya ta saki zanin cikin roba. Ta ga tsohuwar ta fita da sauri, ta kuma ga ta dawo a hankali tana ta gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

"Ɗauraye hannunki ki zo ɗaki," in ji Baiwa.

Jumare, mijin Raliya, ya faɗi ne yana tsaka da haɗa wa wani shayi. Kafin a tsayar da keke mai ƙafa uku a kai shi asibiti har ya cika. Likitan da ya duba shi ya ce zazzaɓi ya daɗe yana cinsa, jikinsa babu jini. Raliya ta yi ta juya wannan magana a ranta, don ita ba ta taɓa ganin mijinta a kwance ba. Ɗan zazzaɓi ne dai, yau ya zo gobe ya tafi. Ciwon kai, mura, wani lokaci ciki. In abin ya motsa sai ya biya kemis ya sayo kati guda na maganin zazzaɓi, ya sha na rana ɗaya, da ya ji dama-dama ya jefa sauran cikin gwangwanin madara da ke kan kabad, ya ce a ajiye wa Mastura, tunda ita ma ba ta rabuwa da shi. Haka uba da 'ya suke raba kati ɗaya, duk gidan kuma ana yaba masa da iya tattali.

Ranar sadakar bakwai wan Jumare ya iso. Sunansa Zayyanu, dillalin shanu ne, yana lodo daga can wajen Dambatta ya sauke a abbatuwar Agege. Mutum ne marar yawan magana, ya kuma yi kukan ƙanensa a gaban maza bai ji kunya ba. Da aka gama addu'a ya zo bakin ƙofar ɗakin da Raliya ke zaman takaba, ya yi mata gaisuwa ta bayan labule, ya ce a miƙo masa yarinyar.

Mastura ba ta daɗe da shiga firamare ba, siririya ce kamar a hure ta ta faɗi, ranar kuma majina ce ta toshe mata hanci. Zayyanu ya tsugunna. Ya sa babban yatsa ya ja fatar ƙasan idonta, ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi, ya buɗe tafin hannunta ya danna farce ya saki, daidai yadda yake wa maraƙi kafin ya taya.

"Yarinyar nan babu jini," ya ce. "Garin nan bai karɓe ta ba, kamar yadda bai karɓi ubanta ba."

Raliya ta ce masa, da muryar mai takaba wadda ba a ɗagawa, a garin aka haifi yarinyar, a nan aka yanke mata cibiya. Ya ce ya sani. Ya ce zai dawo da wani lodin ranar arba'in. In ya tarar ta murmure, ba shi da ta cewa, uwa uwa ce. In kuwa ya same ta haka, zai tafi da ita gida wurin matarsa ta sha nono ta sha iska, don ba zai bari a sake binne jininsu a Legas ba.

Raliya ba ta da Arewar da za ta bi 'yarta. A Agege aka haife ta, a nan aka binne uwarta da ubanta. Sau ɗaya ta taɓa ƙetare kogin Kwara, lokacin da aka kai ta ganin dangin miji, aka yi ta dariyar Hausarta. Limamin unguwa ya aiko cewa riƙon 'ya mace na uwa ne a shari'a. Baiwa ta ce gaskiya ne, amma wace mace ce za ta kai wan miji ƙara ƙasar kabarin ƙanensa ba ta bushe ba.

Sai ta duƙufa. Duk abin da wani ya ce yana ƙara lafiya sai da ta yi. Ta daina ba yarinyar ruwan famfo sai ta tafasa. Ta ciro gidan sauron da aka raba musu tun tuni, wanda suke rufe buhun shinkafa da shi, ta ɗaure a kan katifa. Ta roƙi matan gidan aka kwashe kwatar da ke bin bayan tagarsu. Maƙwabciyarta Bayarabiya, wadda ake kira Iya Tope, ta riƙa matso mata ruwan ugu, wani ganyen miyar kudu da ake ce yana ƙara jini, tana haɗawa da madara, Mastura na sha tana yamutsa fuska. Baiwa ta kawo zogale. Ɗan Azumi ya aiko da hanta. Raliya takan zauna gaban yarinyar tana ƙirga loma da ido, in ta ture kwano sai ta ji kamar ita aka ture.

Murar ta tafi, gudawa ta zo. Gudawa ta tsaya, ƙuraje suka feso a kusurwar baki. Aka sami 'yan kwanaki Mastura har tana tsalle da yaran gida, Raliya ta fara cin abinci, sai kuma wata safiya ta taɓa wuyan yarinyar ta ji shi rau. Ta sauko da gwangwanin madara. A ciki akwai guntayen katuna, wani saura ƙwaya biyu, wani uku, fari da rawaya da mai ruwan hoda, wasu rubutunsu ya goge. Ta zaɓi wanda ta fi ganin Jumare na sha ta ba ta. Zazzaɓin ya sauka. Bayan kwana kaɗan ya dawo.

Iya Tope ta ce mata da Yarbanci, a kai yarinyar nan asibiti mana, me ake jira. Raliya ta ce takaba take, ba ta fita. Iya Tope ta ce to ita za ta kai ta. Amma ba takabar ce kaɗai ta hana Raliya ba. A bakin layinsu akwai benci inda 'yan garin su Zayyanu ke zama, masu okada da masu dako, kuma duk wanda ya fita daga gidan sai ya wuce ta gabansu. Ranar da aka ga an goya Mastura an nufi asibiti, kafin a kai ga yankar kati labari ya isa Dambatta. Ta ce a bari arba'in ta wuce. Da Zayyanu ya juya baya, ita da kanta za ta kai ta, ko da takabar.

Ana gobe arba'in, da la'asar, ta buɗe tafin hannun Mastura a hasken ƙofa. Fari fat, kamar na wadda ta wuni da hannu cikin ruwa. Ta danna farcen yadda ta ga Zayyanu ya yi, ta saki, ba ta ga wani ja ya dawo ba. Ta daɗe riƙe da hannun. Sannan ta aika aka kira Baiwa, ta tambaye ta ko tana da lalle.

Tsohuwar ta dube ta, ta dubi hannun yarinyar, ba ta tambayi na mene ne ba. Ta je ta kwaɓo shi da lemon tsami don ya kama sosai. Mai takaba ba ta taɓa lalle, saboda haka Baiwa ce ta dambara wa Mastura a tafi da farce, hannu da ƙafa, ta ɗaure da leda. Mastura ta yi ta murna, tana tambaya ko bikin wa za a yi. Uwarta ta ce na Baffa ne, gobe zai zo, ana so ya gan ta fes.

Lallen ya kama ja wur. Amma da gari ya waye jikin yarinyar ya fi na kullum zafi, tana rawar ɗari cikin zani biyu. Raliya ta zazzage gwangwanin a kan tabarma. Ta ba ta fari, ta ƙara mata rawaya. Ta jiƙa tsumma ta yi ta goga mata har gumi ya karyo. Wajen hantsi zafin ya lafa. Ta yi mata wanka, ta sa mata rigar sallarta da ƙaramin hijabi, ta rambaɗa mata kwalli, ta shafa hoda, ta ɗan goga jan baki a leɓen ta share da yatsa don kada a gane. Sannan ta riƙe kafaɗunta ta koya mata. In Baffa ya tambayi jiki, ta ce ta warke. Kada ta jingina da bango. Kada ta yi tari a gabansa. In ya taso mata ta ce za ta sha ruwa ta fita. In ya ba ta abu ta ci.

"In na yi tari fa?"

"Zai tafi da ke. Ni kuma ba zan iya binki ba."

Mastura ta gyaɗa kai.

Bayan an shafa fatiha an raba waina, Zayyanu ya zo bakin ƙofa, aka shimfiɗa masa tabarma. Baiwa ta zauna a gefe da carbinta. Raliya na bayan labule, ta inda ya yage take leƙe. Mastura ta fito ta durƙusa ta gaishe shi da murya sarai. Ya tambayi jiki, ta ce ta warke. Ya tambayi makaranta, ta ce an kusa komawa. Ya ciro tsire a takarda ya ba ta, ta ɗauki yanka ta tauna ta haɗiye, uwarta na ganin yadda maƙogwaronta ke wahala kafin ya wuce.

Ya kama hannunta ya buɗe. Ya ga lalle, ya yi ɗan murmushi. Sai ya ɗaga babban yatsa zai kai idonta.

"Haba Alhaji," in ji Baiwa, ba ta ko ɗago daga carbinta ba. "Mutum ce fa, ba karsana ba. In taya ta za ka yi, faɗi nawa ka saya mu ji. Ka bar mata kwalliyarta."

Zayyanu ya yi dariya, karon farko da aka ji dariyarsa a gidan, ya janye hannu. Ya dubi yarinyar sama da ƙasa, ya yi hamdala. Ya juya wajen labule ya ce Raliya ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Ya ce dama shi ba son raba 'ya da uwa yake ba, tsoro ne ya sa shi magana. Tunda ta murmure, ya bar mata ita. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya nufi inda ya tuɓe takalmi.

Raliya ta yi godiya. Mastura ta tashi ta shigo bayan labule, a hankali take tafiya kamar mai ɗauke da ruwa cike da kwano. Ta kama bakin ƙofa da hannu biyu. Gumi ya jiƙa hodar ta yi layi-layi, numfashinta na fita gajere-gajere da sauri, idanunta kuma ba su tsayawa wuri ɗaya. Tarin da ta danne tun ɗazu yana girgiza mata ƙirji, amma ta datse baki ba ta bar shi ya fito ba, don Baffa bai fita ba tukuna. Ta matso kunnen uwarta.

"Umma, na yi daidai?"

Raliya ta sa hannu ƙarƙashin hijabin. Wuyan ya koma wuta, jijiyar wurin na bugawa kamar ta ɗan tsuntsu. Ta ji ƙarar takalmin Zayyanu, ya sa ɗaya yana neman ɗayan. Taku kaɗan ne tsakaninsa da ƙofar gida. Tirelarsa da yamma za ta tashi, 'yan benci kuwa sai sun raka shi tasha kafin su watse. Ta ce a ranta yamma ba nisa. Ta sake duban yarinyar, ta ga har yanzu tana riƙe da tarin, tana jiran a ce mata ta yi daidai.

Ta yaye labulen. Tun da aka yi rasuwar babu namijin da ya ga fuskarta.

"Yaya, dawo. Yarinyar nan ba ta da lafiya. Lalle ne na sa aka sa mata."

Baiwa ta runtse ido. Zayyanu ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dawo, ya tsugunna, ya ja fatar idon, kwalli ya ɓata masa yatsa. Abin da ya gani ya sa ya sunkuci yarinyar ya saɓa a kafaɗa, sai a lokacin tarin ya ƙwace mata, tsiren da ta ci ya biyo baya a kan babbar rigarsa. Raliya ta tsaya a bakin ƙofa da zanin takaba, ƙafa ba takalmi. Baiwa ta cire silifas ɗinta ta tura mata da ƙafa, ta ce ta bi su, Allah ya san lalura.

Suka wuce ta gaban 'yan benci, kowa ya miƙe. Wani ya tsayar musu da keke.

A asibiti nas ta buɗe hannun Mastura, ta juya shi, ta duba ƙafa, ta yi tsaki ta ce da Yarbanci wa ya yi wannan aikin, yaya za a ga jinin yaro ta cikin jan fenti. Raliya ta amsa mata da Yarbanci cewa ita ce. Nas ɗin ta dubi zanin takabar da ke jikin Raliya. Aka ɗebi jini aka auna. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne da ba a taɓa kashe shi ba. Kullum a taɓa shi da rabin magani ya kwanta, ya huta ya tashi, yana shan jinin yarinyar kaɗan-kaɗan, ga kuma tsutsar ciki. Ya ce sai an ƙara mata jini yau, da an kai yamma da wata maganar ake. Aka gwada na Raliya, aka ce ita ma nata bai ishe ta ba. Aka gwada na Zayyanu ya yi daidai. Ya naɗe hannun riga ya kwanta, tirelar ta tafi ta bar shi.

Cikin 'yan kwanaki Mastura ta tashi zaune, ta nemi shayi da burodi. Raliya ta tare likitan a gaban Zayyanu, ta roƙe shi ya faɗa da bakinsa ko garin ne bai karɓi yarinyar ba. Likitan ya ce babu ruwan gari. A shanye magani har ƙarshe ko an ji sauƙi, a kwana cikin gidan sauro, a kawo yaro da wuri, shi ke nan. Raliya ta maimaita wa Zayyanu da Hausa, kalma bayan kalma, duk da ta san ya ji. Ta ce ta zubar da gwangwanin. Ta ce ta riga ta ɗaura gidan sauro, tana tafasa ruwa, ya je ya gani da idonsa. Ta durƙusa a barandar asibiti, mutane na wucewa, ta ce ya dubi Allah.

Zayyanu ya ce ta tashi. Ya ce ya ji likita kuma ya yarda. Ya ce ba ya zarginta, ya san abin da ta yi a bakin ƙofa ba kowace uwa za ta iya ba.

"Amma na ga lallen, Raliya. Ni ne na tsorata ki har kika sa shi, na sani. In na tafi na bar ta, duk ranar da na bugo kika ce lafiya, ba zan san ko lafiyar ce ba."

Ranar da aka sallame su ya tafi da ita. Raliya ta haɗa kayanta a jaka, ta naɗe gidan sauron ta sa a sama, ta ƙulle maganin a leda ta nuna wa Zayyanu na safe da na yamma, ta sa shi ya maimaita. Ba ta raka su tasha ba, takaba ba ta ƙare ba. Daga bakin ƙofa ta tsaya. Mastura ta waiwayo tana ɗaga hannu, jan lallen bai ko fara koɗewa ba.

Yanzu Raliya ta fita takaba da daɗewa. Tana suyar awara a ƙofar gida, tana tara na mota don babbar sallah. An ce Mastura ta yi kumatu, hoton da aka turo ma ya nuna haka. Hausarta ta canza, har tana yi wa uwarta gyara. Zazzaɓi ya taɓa kama ta sau ɗaya da damina, matar Zayyanu ta kai ta asibiti a ranar, ta kuma shanye maganin duka.

Kullum da safe, kafin ta hura wuta, Raliya takan kira wayar matar Zayyanu ta ce a ba ta yarinyar. In sun gaisa sai ta ce ta karanta mata abin da aka biya musu jiya a islamiyya. Mastura ta ja sura, ita kuwa ta toshe ɗaya kunnen da yatsa saboda ƙarar motocin haya na danfo, ta matse wayar, ta rufe ido. Ba karatun take bi ba, ko an yi kuskure ba ta sani. Tana sauraron inda yarinyar ke tsayawa ta ja numfashi ne, ko ya yi gajere, ko akwai wani kurman sauti a ƙirjin.

"Umma na gama. Ana jirana, za mu tafi makaranta."

"To. Ƙara min ɗaya, 'yar gajeriya."